Yadda Ake Karɓar Gyaran Katin Bashi na Bankin Gama Kai a Amurka Ba Tare da Kuɗin Ruwa Ya Cinye Shi Ba

Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa ko tumatir ya san gyara. An auna maka, ka biya, sai mai kaya ya ɗebo ’yan kaɗan ya ɗora a kai don gobe ma ka dawo wurinsa. Abin da masu katin bashi a Amurka ke kira kashbak ke nan. Ka yi sayayyar dala 100 da kati, su mayar maka da dala ɗaya da rabi ko biyu. Sai dai mai tumatir a hannu yake miƙa maka. Su kuwa sai ka san inda suka ajiye maka, ka san yadda ake ɗauka, ka kuma kauce wa ramukan da ke kan hanya.

Na fi shekara huɗu ina riƙe da katin wani bankin gama kai ban taɓa buɗe shafin makina ba, wato makin da banki ke tara wa mai kati kan kowace sayayya don ya juya shi kuɗi. Ranar da na buɗe, na tarar makin shekarar farko ya ƙone, wa’adinsa ya wuce. Kuɗin ya isa cefanen gidana na mako guda har da ragi. Babu wanda ya cuce ni, a rubuce yake cikin takardar da aka ba ni ranar farko. Tun daga lokacin nake zaunar da duk ɗan’uwan da ya sauka ƙasar nan in yi masa wannan bayani, yau kuma na ga ya dace in rubuta shi.

Mene ne bankin gama kai, kuma daga ina gyaran ke fitowa?

Abin da ake kira kiredit yuniyon a nan ƙungiyar gama kai ce ta masu ajiya. Wanda ya buɗe asusu ya zama ɗan ƙungiya, yana da ƙuri’a ɗaya wajen zaɓen shugabanni, ko dala 5 ya ajiye ko dala dubu 50. Babu masu hannun jari a waje da ke jiran riba, don haka rarar da aka samu kan koma wa ’yan ƙungiya ta hanyar rage caji da rage kuɗin ruwa. Na farko a Amurka an kafa shi a 1908 a garin Manchester na jihar New Hampshire, tsakanin ma’aikatan masaƙa masu jin Faransanci. A 1934 aka yi dokar tarayya da ta ba su gindin zama. Hukumar gwamnatin tarayya mai suna NCUA ce ke sa wa mafi yawansu ido, ita ce kuma ke lamunce ajiyar kowane mutum a cikinsu har dala 250,000 idan bankin ya durƙushe.

Akwai wata gata da ya kamata ka sani. Bankin gama kai mai rajistar tarayya, wato wanda za ka ga kalmar Federal a sunansa, ba ya wuce kashi 18 cikin 100 a shekara na kuɗin ruwan katinsa. Tun 1987 hukumar NCUA ke riƙe da wannan iyaka. Katunan manyan bankuna da na kantuna suna wuce 25, wasu har 30. Masu rajistar jiha dokar jiharsu suke bi.

Gyaran kuwa ba daga aljihun bankin yake fitowa ba. Duk lokacin da ka goga kati, mai kanti yana biyan la’ada, galibi tsakanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin, kuma kaso mafi tsoka na wannan la’ada yana zuwa wa bankin da ya ba ka katin. Daga ciki ake yanko maka naka. Sauran ribar tana zuwa daga mutanen da ba sa biyan bashinsu gaba ɗaya a ƙarshen wata.

Wannan ya kawo mu kan maganar da ke zuciyar yawancinmu, wato riba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu’amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman, musamman mazauna ƙasashen Yamma, sun yi sassauci saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai riƙa biya kan lokaci, domin a nan hayar gida da hayar mota da ɗakin otal duk suna da alaƙa da kati da tarihin bashi. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, wasu bankunan gama kai suna ba da maki ko ɗan gyara a katin cirar kuɗi na asusunka, wanda babu bashi a cikinsa. Idan kuma ka zaɓi katin bashi, duk abin da ke ƙasa an gina shi ne kan kada ko sisin kwabo na ruwa ya hau kanka.

Mataki na 1: Shiga ƙungiyar

Ba a ba baƙo kati, sai ɗan ƙungiya. Kowane bankin gama kai yana da da’irar waɗanda yake karɓa: mazauna wata gunduma, ma’aikatan wani kamfani, ɗaliban wata jami’a, ko iyalan wanda ya riga ya shiga. Navy Federal, wanda ya fi kowanne girma, na sojoji ne da tsofaffin sojoji da ma’aikatan ma’aikatar tsaro da iyalansu. PenFed kuwa kowa na iya shiga da ajiyar dala 5. A Niyok akwai Municipal Credit Union da aka kafa a 1916 don ma’aikatan birnin. Shafin MyCreditUnion.gov na hukumar NCUA yana nuna waɗanda ke kusa da kai.

Ka tafi da katin shaida mai hoto, da takardar da ke nuna adireshinka, da lambar Soshiyal, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnati ke bayarwa. Wanda bai da ita, akwai bankunan gama kai da ke karɓar lambar haraji ta ITIN, sai ka buga waya ka tambaya kafin ka sha hanya. Za a buɗe maka asusun ajiya da dala 5 zuwa 25, shi ne hannun jarinka. Ka buɗe asusun yau da kullum ma a ranar, za ka ga amfaninsa a mataki na 4.

Idan sabon zuwa ne kai, ba ka da tarihin bashi, kada ka nemi babban kati su ƙi ka. Ka nemi katin jingina: ka ajiye misali dala 300, su ba ka kati mai iyakar dala 300. Wasu daga cikin irin waɗannan ma suna ba da maki. Bayan wata shida zuwa shekara na biya kan lokaci, sai ka nemi a mayar da shi cikakken kati a sakar maka jinginarka.

Mataki na 2: Lissafa inda kuɗinka ke tafiya kafin ka zaɓi kati

A nan mutane ke yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Katunan iri biyu ne. Akwai mai gyara bai ɗaya, kashi 1.5 ko 2 cikin 100 kan komai. Akwai mai hawa-hawa, misali kashi 3 kan cefane da man mota, kashi 1 kan sauran. Ido yakan tafi kan 3 ɗin nan. Amma ɗauko bayanan asusunka na wata uku, ka zauna da biro.

A ce gidanka na kashe dala 1,500 a wata da kati: cefane 600, mai 250, sauran abubuwa 650. Kati mai kashi 1.5 zai ba ka dala 22.50 a wata, 270 a shekara. Mai kashi 2 zai ba ka 30 a wata, 360 a shekara. Mai hawa-hawa, a takarda, zai ba ka 25.50 kan cefane da mai, da 6.50 kan sauran, jimla 32 a wata, 384 a shekara. Kamar shi ne gwani.

To amma bankin bai san abin da ka saya ba. Bai ga shinkafa ko manja a kwandonka ba. Abin da yake gani lamba ce mai alƙaluma huɗu da aka yi wa kantin rajista da ita. Babban kantin abinci 5411 ne. Famfon mai da ake biya a jikinsa 5542. Gidan abinci 5812. Mahauta suna da tasu, 5422. Ƙananan shagunan abinci na unguwa kan faɗa 5499. Kantunan sari irin su Costco 5300 ne, kuma yawancin katuna ba sa lissafa su a cefane, haka ma Walmart da Target a sharuɗɗan katuna da yawa. Yanzu ka duba rayuwarmu. Nama wurin mahaucin halal muke saya. Garin tuwo da daddawa da busasshen kifi a shagon ’yan Afirka. Buhun shinkafa da jarkar mai a kantin sari. Idan dala 400 cikin 600 na cefanenka a irin waɗannan wurare suke tafiya, kuma lambarsu ba ta babban kanti ba ce, kashi 3 ɗinka zai hau kan dala 450 ne kawai, sauran 1,050 kashi 1. Jimla dala 24 a wata, 288 a shekara. Kati mai kashi 2 bai ɗaya ya wuce shi da dala 72, ba tare da ka wahalar da kanka da tunanin wane kanti ne wane ba.

Shi ya sa nake ba yawancin ’yan’uwa shawarar kati mai gyara bai ɗaya. Wanda zan ce ya nemi mai hawa-hawa shi ne direban tasi ko Uber da ke shan man dala 700 ko 800 a wata. A wurinsa kati mai ba da kaso mai tsoka a kan mai yana da ma’ana, amma ya riƙa biya a jikin famfo, domin wasu katunan ba sa ba da babban kason idan an shiga cikin shago an biya.

Sai kuɗin shekara. Yawancin katunan bankin gama kai ba su da shi, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake son su. Idan ka ga mai kuɗin shekara, ga yadda za ka auna: kati mai kashi 2 da ake biya wa dala 49, da kati mai kashi 1.5 na kyauta, tazararsu rabin kashi ɗaya ne. Sai ka kashe dala 9,800 a shekara kafin ka mayar da 49 ɗinka. Abin da ya haura haka ne ribarka.

Mataki na 3: Karanta takardu biyu

Ta farko ita ce jadawalin caji, wanda doka ta wajabta a kan kowane tayin kati tun dokar 1988. Ana kiransa akwatin Schumer, da sunan ɗan majalisar tarayya daga Niyok da ya jagoranci dokar. A ciki za ka ga kuɗin ruwan sayayya, na cirar tsabar kuɗi, kuɗin shekara, tarar jinkiri, da cajin sayayya a ƙasar waje.

Ta biyu ita ce sharuɗɗan maki, wadda kusan babu mai karantawa. Ka nemi amsar tambayoyi biyar a cikinta. Makin yana ƙonewa, kuma bayan shekara nawa? Akwai mafi ƙarancin abin da za a tara kafin a karɓa, kamar dala 25 ko maki 2,500? Babban kason yana da rufi a wata ko a shekara? Jinkirin biya yana sa a ƙwace maki? Me ke faruwa da maki idan an rufe katin? Idan ba ka gane Turancin takardar ba, ka je reshe ka zauna da ma’aikaci ya nuna maka layin da amsar take. Ɗan ƙungiya ne kai, haƙƙinka ne.

Mataki na 4: Ɗaure biya tun ranar da katin ya iso

Wannan shi ne ginshiƙin komai. Kashi 18 a shekara, idan ka raba gida 12, kashi 1.5 ne a wata. Ka lura da wannan lamba. Mutumin da ya bar bashin dala 1,500 a katinsa yana biyan kimanin dala 22.50 na ruwa duk wata, daidai da gyaran da kati mai kashi 1.5 ke ba shi kan sayayyar dala 1,500. An ba shi da dama, an karɓe da hagu. Idan bashin ya kai dala 3,000, shi ne ke yi wa banki gyara.

Ga yadda abin ke tafiya. Katinka yana da ranar rufe lissafi, da ranar biya. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a aiko maka da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Idan ka biya jimlar da ke kan takardar gaba ɗaya kafin ranar, babu ruwa a kan sayayyarka, wannan shi ne kwanakin sassauci. Idan ka biya wani abu ka bar saura, ko ka biya mafi ƙarancin da suka nema, ruwa zai hau kan saurar, kuma sabuwar sayayyar da za ka yi ita ma za ta fara tara ruwa daga ranar da ka yi ta. Kwanakin sassaucin sun tafi ke nan, sai ka share bashin tas, wani lokaci wata biyu a jere, kafin su dawo.

Don haka ka shiga manhajar bankin, ka kunna biya kai tsaye daga asusunka na yau da kullum. Za a ba ka zaɓi uku: mafi ƙaranci, wani adadi da ka yanke, ko jimlar takardar lissafi. Na ukun za ka zaɓa. Sannan ka roƙi a matsar da ranar biya zuwa kwana biyu ko uku bayan shigar albashinka, yawancinsu suna yarda. Wata na farko ka bi sawu da kanka, domin wani lokaci biya kai tsaye ba ya kamawa sai zagaye na biyu.

Mai aikin da kuɗinsa ke shigowa kullum, kamar direba ko mai kitso, gara ya riƙa biya duk mako. Ni ranar Juma’a da yamma nake share nawa. Akwai ƙarin amfani a haka: ma’aunin amana na FICO, wanda ke tafiya daga 300 zuwa 850, kashi 35 cikin 100 nasa biya kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan bashin da ke kanka idan an gwada da iyakar katin. Bashi kaɗan a ranar rufe lissafi yana ɗaga ma’auninka. Jinkirin da ya kai kwana 30 kuwa ana kai rahotonsa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma tabon yana zama shekara bakwai.

Mataki na 5: San abin da ba a ɗora wa katin

Aika kuɗi gida shi ne babba. Mutum zai ce tunda duk wata ina tura wa Inna dala 300, bari in tura da katin bashi in ci gyara. Kada ka yi. Kamfanonin aika kuɗi suna da lambarsu, 4829, kuma yawancin masu kati suna ɗaukar wannan a matsayin cirar tsabar kuɗi. Ma’anarsa abu uku: babu maki ko ɗaya, ruwa yana fara hawa daga ranar ba tare da kwanakin sassauci ba, kuma sau da yawa akwai caji a kai. Kamfanin aikawar ma yakan ƙara nasa cajin ga mai biya da katin bashi. Ka tura daga asusunka ko da katin cirar kuɗi. Haka hukuncin yake ga cirar kuɗi a na’urar ATM da katin bashi, da takardun cek da suke aiko maka a wasiƙa. Mayar da bashin wani kati zuwa wannan shi ma ba ya kawo maki.

Sai wuraren da ke ƙara caji ga mai kati. Shafukan biyan kuɗin haya kan ɗora kusan kashi 3 cikin 100. Biyan 3 don a ba ka 2 asara ce. Gidajen mai masu farashi biyu, na tsaba da na kati, ka duba tazarar: idan galan dala 3 ne kuma tazarar santi 10, ta haura kashi 3.

Abin da ya dace da katin shi ne abin da dama za ka biya ko babu shi: cefane, mai, waya, intanet, inshorar mota idan babu ƙarin caji, kayan makarantar yara, tikitin jirgi. Idan sun yi tayin tukuicin shiga, misali dala 200 ga wanda ya kashe 2,000 cikin kwana 90, ka daidaita buɗe katin da lokacin da kake da babbar hidima a gabanka, kamar tikitin zuwa gida ko gyaran mota. Kada ka ƙirƙiro sayayya don cika sharaɗi.

Mataki na 6: Nemo inda makinka yake

Manyan bankunan gama kai suna nuna gyaran a cikin manhajarsu. Ƙanana da yawa kuwa sun ba wani kamfani kwangilar, sai ka ga an tura ka wani shafi dabam kamar CURewards, uChoose Rewards ko ScoreCard Rewards. Wasu daga cikin waɗannan sai ka yi rajistar katinka da kanka. Ka yi a makon farko, kuma ka bi ta mahaɗin da ke cikin manhajar bankinka. Saƙon waya da ke cewa makinka zai ƙone yau, danna nan, hanyar ’yan damfara ce da ta yi yawa. Bankinka ba zai nemi lambar sirrinka ta saƙo ba.

Duk wata idan takardar lissafi ta fito, ka ba ta minti biyar. Ka duba makin da aka samu, ka gwada da abin da ka kashe. A nan ne za ka gane ko shagon ’yan Afirkan unguwarku ana lissafa shi a cefane ko a’a. Ka tuna kayan da ka mayar kanti ana cire makinsu. Idan ka ga cajin da ba ka yi ba ko kuskuren lissafi, dokar 1974 ta ba ka kwana 60 daga aiko takardar ka kai ƙorafi a rubuce.

Mataki na 7: Karɓa

Hanyoyin karɓa galibi biyar ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Kafin ka danna komai, ka yi wannan ɗan lissafi: raba kuɗin abin da za a ba ka da yawan makin da za a cire. Maki 10,000 da ya ba ka dala 100, kowane maki santi ɗaya ne. Wannan shi ne ma’auni. Abin da ya gaza haka, ana rage maka mudu.

Zubawa cikin asusun ajiya ko na yau da kullum ita ce hanyar da na fi so. A manhaja za ka shiga katin, ka danna wurin maki, ka zaɓi zubawa a asusu, ka rubuta adadi, ka tabbatar. Wasu nan take kuɗin ke shiga, wasu sai bayan ’yan kwanaki. Kuɗi ne a hannunka, ba ya ƙonewa, babu mai sauya masa daraja.

Ragewa daga bashin katin ita ce ta biyu. Darajarta galibi ɗaya ce da ta farko, amma akwai tarko. A yawancin katuna wannan ragi ba ya zama a madadin biyan wata. Mutum zai ga an rage masa dala 60, mafi ƙarancin biyansa kuma 35 ne, ya ɗauka ya fita, sai tarar jinkiri ta same shi. Ka biya kamar yadda ka saba.

Katin sayayya na kantuna wani lokaci yana da kyau, musamman idan sun yi rangwame, a ce katin dala 50 a makin dala 45. Ka karɓa idan kantin da dama kake zuwa ne.

Tikitin jirgi ta shafinsu yana buƙatar gwadawa. Ka buɗe shafin kamfanin jirgin a gefe, ka ga farashin tafiya ɗaya a rana ɗaya, ka yi rabon da na faɗa. Ka kuma sani idan tafiya ta samu matsala, sauya tikitin da aka yanka ta hannun ɗan tsakiya ya fi wahala.

Kayan da ke cikin kundinsu, irin su injin markaɗe da agogo da belun kunne, su ne suka fi cin mutane. Injin da ake sayarwa dala 60 a kanti za ka gan shi a maki 10,000, wato an sayi makinka a ƙasa da kashi biyu cikin uku na darajarsa. Karɓi dala 100, ka sayi injin, ka riƙe 40.

Wannan lissafi yana kuma tona asirin katunan da ke tallan maki 3 ko 5 kan kowace dala. Idan makinsu santi 0.8 yake bayarwa wajen karɓa, maki 3 kashi 2.4 ne, maki 1 kuma bai kai kashi ɗaya ba.

Yaushe za a karɓa? Da zarar ya kai adadin da ake iya ɗauka. Maki ba ya haihuwa a inda yake, kuma banki na iya sauya sharuɗɗa. Idan akwai zaɓin zubawa kai tsaye duk wata, kunna shi. Ni na buɗe wani ƙaramin asusu na biyu a cikin bankin, wanda ba ya cin ko sisi, nan gyaran ke taruwa, ba na taɓa shi sai Babbar Salla ta matso. Dala 300 da ta shigo a dunƙule tana rage nauyin layya sosai, alhali da a ce 25 take shiga cikin kuɗin cefane duk wata, da ban san inda ta bi ba.

Mataki na 8: Haraji, tafiya, da rufe kati

Hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar gyaran sayayya a matsayin ragin farashi, ba kuɗin shiga ba, don haka ba a biya masa haraji. Tukuicin da aka ba ka ba tare da sharaɗin sayayya ba, kamar na buɗe asusu ko na kawo wani, shi yana iya shiga lissafin haraji, kuma za su iya aiko maka da fom ɗin haraji mai lamba 1099. Mai sana’ar kansa da ke cire kuɗin mai daga harajinsa ya gaya wa mai yi masa lissafi gyaran da ya samu a kan man.

Idan za ka yi tafiya, ko gida ko Umara, ka duba cajin ƙasar waje a jadawalin mataki na 3. Wasu katunan kashi 3 suke ɗauka, bankunan gama kai da yawa kashi 1 ko babu. Ka sanar da su ranakun tafiyarka don kada su toshe katin. Idan na’urar kanti ta tambaye ka ko a caje ka da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi kuɗin ƙasar, domin canjin da na’urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Ranar da ka yanke shawarar rufe kati ko sauya shi da wani, ka fara kwashe makinka tas, ka jira kuɗin ya shiga asusu, sannan ka buga waya. A mafi yawan sharuɗɗa maki yana mutuwa tare da katin. Idan katin ba shi da kuɗin shekara, barinsa a buɗe da ’yar sayayya lokaci-lokaci ya fi, domin tsufan asusu yana taimaka wa ma’auninka, kuma katin da aka daɗe ba a taɓa ba banki na iya rufe shi da kansa.

Idan aka hana ka makin da sharuɗɗa suka ce naka ne, ka fara da reshe, sannan ka rubuta wa bankin takarda mai ɗauke da ranar sayayya da adadi da layin sharaɗin, ka ajiye kwafi. Idan ba a warware ba, cibiyar taimakon masu hulɗa ta NCUA tana karɓar ƙorafi kan masu rajistar tarayya ta shafin MyCreditUnion.gov. Manyan da dukiyarsu ta haura dala biliyan 10, irin su Navy Federal da PenFed, ƙorafinsu na zuwa CFPB, hukumar tarayya mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi. Masu rajistar jiha kuma, sai ka nemi ofishin kula da harkar kuɗi na jihar da bankin ya yi rajista.